Shigar da Duo bai gani ba: yadda kuki ɗaya ya tsallake tantancewa mai mataki biyu a wata cibiyar nazari ta Amurka

## Cibiyar da tsarin tsaronta

Wata cibiya ce a Amurka, irin waɗanda ke tara masana suna nazarin manufofi suna ba gwamnati da jama'a shawara. Kamfanin tsaron kwamfuta na Volexity, wanda aka kira ya binciki kutsen da aka yi wa kwamfutocinta har sau uku, bai faɗi sunanta ba a rahoton da ya wallafa ranar 14 ga Disamba 2020. Dukiyar irin wannan wuri tana cikin wasiƙunsa: wa ya rubuta wa wa, me aka tattauna, wace takarda ce ke kan hanya kafin ta fito fili. Abin da masu kutsen suka zo nema ke nan. Akwatunan imel na wasu shugabannin cibiyar, da na masana manufofi, da na ma'aikatan sashen kwamfuta su ne suka sa wa ido.

A lokacin cibiyar tana riƙe da sabarta ta imel da kanta, wato kwamfutar da ke ajiye wasiƙu tana rarraba su, mai aiki da manhajar Microsoft Exchange. Ma'aikaci kan iya buɗe akwatinsa daga burauza ta shafin Outlook Web App, wanda ake taƙaitawa da OWA. A gaban wannan shafi an ɗora Duo, manhajar tantancewa da kamfanin Cisco ya saya a 2018. Tsarin a sarari yake: ka rubuta sunanka da kalmar sirrinka, sai a nemi shaida ta biyu, galibi saƙon da zai faɗo a wayarka ka danna amincewa. Wanda ya saci kalmar sirri amma wayar ba ta hannunsa, a nan ya kamata tafiyarsa ta ƙare.

## Kafin kutsen: yadda saba ke tuna burauza

Ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an san wani ɗan abu da ke faruwa daƙiƙa guda bayan mutum ya danna amincewa a wayarsa.

Ƙa'idar da burauza ke magana da saba da ita, wato HTTP, ba ta riƙe komai a kai. Kowace buƙata tana zuwa wa saba kamar baƙon da ba ta taɓa gani ba. Ka buɗe wasiƙa, buƙata ce. Ka danna ta gaba, wata sabuwar buƙata ce. Da babu dabara, da a kowane danni sai an sake tambayarka kalmar sirri an sake buga maka waya. Dabarar ita ce kuki, wanda Lou Montulli ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1994. Ɗan guntun rubutu ne da saba ke miƙa wa burauza ta ajiye, ita kuma ta riƙa haɗa shi da duk wata buƙata da za ta aika wa wannan shafin.

Idan shafi yana da mataki na biyu, akwai kukin da aikinsa kawai ya ce: wannan burauza ta riga ta wuce tantancewar waya. Wani yana ƙarewa da zaman da kake ciki. Wani kuma yana daɗewa, shi ne wanda ake ba ka idan ka danna ɗan akwatin nan mai cewa kada a sake tambayarka a wannan na'ura. Shafuka da yawa suna ba shi kwanaki 30, wasu tsare-tsaren kuma suna barin mai kula da su ya zaɓi yawan kwanakin. Gobe idan ka dawo, za ka rubuta kalmar sirri kamar kullum, domin kukin ba ya maye gurbinta. Bayan an karɓe ta sai sabar ta duba ko burauzarka ta zo da kukin. In ta zo da shi kuma ya inganta, wayarka ba za ta yi motsi ba. Shi ya sa in ka goge kukis, ko ka canza burauza, ko ka buɗe tagar sirri, sai a sake neman lambar, alhali kwamfutar ba ta canza ba. Abin da ake kira tuna na'ura, tuna guntun rubutu ne kawai. Wanda ya danna wannan akwati a kwamfutar kafe ya tashi ya tafi, ya bar wa mai zama bayansa rabin mabuɗin gidansa.

To ta yaya saba ke sanin kukin da aka kawo mata na gaskiya ne? Hanyoyi biyu ake bi, kuma dukkan wannan labari a kan bambancinsu yake.

Ta farko kamar mai gadi ne da littafin rajista. Ya ba ka kati mai doguwar lamba da ba a iya cinkarta, ya rubuta lambar a littafinsa tare da sunanka da ranar da za ta daina aiki. In ka dawo ya buɗe littafi ya duba. Lambar da ba ta cikin littafi ba ta da amfani, kuma in ya so ya hana ka shiga, soke layin kawai zai yi.

Ta biyu mai gadi ne da hatimi, ba shi da littafi. Ya rubuta a takarda cewa wane ya wuce tantancewa, tana aiki zuwa rana kaza, ya buga hatimi ya miƙa maka. In ka dawo, hatimin kawai yake dubawa. A kwamfuta, hatimin lissafi ne: a haɗa rubutun da wani mabuɗin sirri a fitar da jerin haruffa da babu mai iya fitar da irinsu sai mai mabuɗin. Sanannen lissafin da ake wannan da shi ana kiransa HMAC, an rubuta ƙa'idarsa tun 1997. Masu gina manhaja suna son wannan hanya saboda sauƙi da sauri: babu leƙa rumbun bayanai a kowace buƙata, kuma sabobi goma za su iya gane hatimi ɗaya muddin an ba su mabuɗi ɗaya. Sai dai a irin wannan lissafi, mabuɗin da ake duba hatimi da shi, shi ne kuma ake buga hatimin da shi.

A takardun Duo na wancan zamani, manhajar da aka haɗa da shi tana riƙe da mabuɗai uku. Biyu daga cikinsu Duo ya san su, da su ɓangarorin biyu ke gane juna. Na ukun ana kiransa akey, jerin haruffa ne da bai gaza 40 ba, a gefen manhajar ake samar da shi, kuma ba a aika shi wa Duo. Yana zaune a kan sabar mai gida. A cibiyar nan, a kan sabar OWA yake.

## Ƙarshen 2019: karo na farko

Da Volexity ya fara shiga cibiyar, abin da ya tarar ba sabon kutse ba ne. Akwai kayan aikin masu kutse iri-iri, da ƙofofin baya, wato ɓoyayyun hanyoyin sake shigowa, da miyagun manhajoji da aka dasa, waɗanda suka ba su damar zama a cikin tsarin na tsawon shekaru ba wanda ya lura. Kamfanin ya raɗa wa gungun suna Dark Halo. Aka yi aikin tsaftacewa aka fitar da su.

## Karo na biyu: ta ƙofar Exchange

Ba su daɗe a waje ba. Sun dawo ta wani rauni a sashen da ake sarrafa saitin Exchange ta burauza, mai suna Exchange Control Panel.

Raunin wannan sashe da ya tayar da hankali a farkon 2020 shi ne mai lamba CVE-2020-0688, wanda Microsoft ya fitar da gyaransa ranar 11 ga Fabrairu na shekarar. A watan Maris Volexity ya sanar cewa ya ga ƙwararrun masu kutse suna amfani da shi. Asalin matsalar shi ma mabuɗi ne. Kamata ya yi kowace saba ta samar da nata mabuɗan sirri lokacin da ake girka ta, amma sai ya zama duk sabobin Exchange masu wannan rauni mabuɗai iri ɗaya suke ɗauke da su. Wanda ya san su, kuma yana da kalmar sirrin ko da ƙaramin ma'aikaci ɗaya, zai iya tura wa saba saƙo mai hatimin da za ta yarda da shi, ta zartar da umarninsa da iko mafi girma a Windows. Mai irin wannan iko babu fayil ko saiti a kan sabar da ya fi ƙarfinsa ya karanta.

Aka sake shiga aikin fitar da su. Ana dab da kammalawa ne wani abu ya bayyana a rajistar Exchange, wato inda sabar ke rubuta duk shigar da aka yi.

## Shigar da ba ta da shaida ta biyu

An buɗe akwatin imel na wani ma'aikaci ta OWA, kuma ba shi ne ya buɗe ba. Akwatin yana ƙarƙashin kariyar Duo. Rajistar Exchange ta nuna mai shigar ya kawo suna da kalmar sirri daidai, kamar kowa. Daga nan kuma sai ya wuce kai tsaye cikin akwatin, ba a tsayar da shi an nemi shaida ta biyu ba.

Masu binciken suka juya ga rajistar Duo. Da wani ya yaudari ma'aikacin ya danna amincewa, da an ga buƙatar da amincewar a rubuce. Da an yi ta cinkar lamba, da an ga jerin kurakurai. Ba a ga ko ɗaya ba. Babu wani yunƙurin shiga wannan asusu a rajistar Duo. A wurin Duo, kamar ba a yi komai ba.

Zato na gaba shi ne wanda kowane mai wannan sana'a zai fara yi: an saci kukin ma'aikacin daga kwamfutarsa an dasa a wata burauza. Wannan tsohuwar dabara ce, kuma tana aiki domin saba ba ta san hannun da ya miƙo mata kuki ba, kukin kawai take gani. Amma kukin da aka sata yana da asali. Akwai lokacin da mai shi na gaskiya ya shiga, ya danna wayarsa, aka ba shi. Volexity ya bi wannan zato ya tabbatar ba ƙwace zaman wani aka yi ba.

Saura tambaya ɗaya: me mai shigar ya nuna wa sabar OWA har ta yarda ba sai ta tuntuɓi Duo ba? Rajistar yau da kullum ba lalle ta adana abin da ke cikin kowane kuki ba, don haka aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar aikin sabar, wato kwafin duk abin da take riƙe da shi a kanta a wannan lokacin. A cikin wannan kwafi aka ga buƙatar mai kutsen ta zo da kuki mai suna duo-sid, kukin da ke shaida cewa burauza ta kammala tantancewar Duo.

Daga nan zaren ya warware. Masu kutsen sun ɗauki akey daga sabar OWA. Da shi suka lissafa da kansu rubutun da ya kamata ya kasance a cikin duo-sid na wannan ma'aikaci, suka saka a burauzarsu tun kafin su taɓa shafin. Suka rubuta suna da kalmar sirri, aka karɓa. Sabar ta duba ko akwai kuki, ta gan shi. Ta yi lissafinta da mabuɗinta, ya fito daidai, domin da wannan mabuɗin aka buga shi. A wurinta an riga an gama mataki na biyu, babu dalilin damun Duo. Wayar ma'aikacin ba ta yi ƙara ba, kuma babu wata manhaja da ta yi kuskure a cikin jerin nan. Kowacce ta yi abin da aka rubuta mata ta yi.

Duo daga baya ya bayyana cewa wannan ba rauni ba ne a manhajarsa, mai kutsen sai da ya riga ya mallaki sabar sannan ya kai ga mabuɗin.

Darussa biyu Volexity ya rubuta daga wannan. Na farko, bayan kowane kutse a canza duk mabuɗan sirri da ke haɗa tsarin da wasu manhajoji, har da na mai ba da tantancewa. Na biyu ya shafi kalmar sirri, domin kukin bogin shi kaɗai bai isa ba, sai da kalmar sirri mai aiki. Kamfanin ya ja kunne cewa sabuwar kalma kada ta zama ƙanwar tsohuwa, ya ba da misalin mai canza Spring2020! zuwa Summer2020!. Wanda ya riƙe ta farko ba zai sha wuyar cinkar ta biyu ba.

## Yuni da Yuli 2020: karo na uku

A watan Yuli 2020 Volexity ya lura da wasu umarnin gudanarwa da ba a saba gani ba a Exchange na cibiyar, da kuma wasu abubuwa marasa kan gado a ActiveSync, hanyar da wayoyi ke ɗauko imel daga saba. Dark Halo ne suka sake dawowa.

Wannan karon ba ta shafin OWA suka biyo ba. Suna ciki da ikon mai gudanarwa, suna ba Exchange umarni ya kwashe wasiƙun wasu akwatuna zuwa fayil, suna zaɓar waɗanda suka iso bayan wata rana kawai, alamar wanda ya riga ya karanta na baya. Sai su dunƙule fayil ɗin da 7-Zip su sa masa kalmar sirri, su ajiye shi a wata folda ta sabar OWA da ake iya kaiwa gare shi daga intanet, su sauke shi kamar yadda ake sauke kowane abu, sannan su goge sawunsu. Sun kuma ƙara na'urorinsu cikin jerin waɗanda aka yarje wa su ɗauko imel ta ActiveSync.

Bincike ya kai ga sabar da ke ɗauke da SolarWinds Orion, manhajar da masu kula da kwamfutoci ke sa ido da ita a kan na'urorin ofis. Daga can kutsen ya faro. Amma a wancan lokacin masu binciken ba su iya tantance yadda aka shiga sabar ba. Tambayar ta zauna a buɗe wata biyar.

## Disamba 2020 zuwa Afrilu 2021

Ranar 8 ga Disamba 2020 kamfanin tsaro na FireEye ya sanar cewa shi ma an yi masa kutse. Abin da ya fara tona asirin a can shi ma mataki na biyu ne: an ga an yi rajistar wata sabuwar waya a asusun wani ma'aikaci, aka tuntuɓe shi ya ce ba shi ba ne. Ranar 13 ga wata FireEye ya bayyana tushen: an gurɓata sabuntawar Orion tun daga kamfanin SolarWinds, ta yadda abokan cinikinsa da hannunsu suka sauke ƙofar baya tsakanin Maris da Yuni 2020. A ranar ce hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun tarayya su kashe Orion. SolarWinds ya ce waɗanda suka sauke gurɓatacciyar sabuntawar ba su kai 18,000 ba. Washegari Volexity ya fitar da rahotonsa, ya haɗa abin da ya gani a cibiyar da abin da FireEye ya bayyana.

A cikin makonnin ne kuma aka gano gungun yana yin irin dabarar duo-sid a babban mataki. A wasu wuraren sun saci takardar shaidar da sabar tantancewa ke sa hannu da ita, suka riƙa buga wa kansu tikitin shiga manhajojin da ke kan intanet da sunan duk wanda suka ga dama. Kamfanin CyberArk ya riga ya kwatanta wannan salo tun 2017, ya kira shi Golden SAML.

A Fabrairu 2021 fadar White House ta ce kutsen ya shafi hukumomin tarayya 9 da kamfanoni kusan 100. Ranar 15 ga Afrilu gwamnatin Amurka ta ɗora alhakin a kan hukumar leƙen asirin waje ta Rasha, SVR, ta sanya takunkumi ta kori jami'an diflomasiyya 10. Rasha ta musanta.

## Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

A ganina kuskure ne a karanta wannan lamari a ce tantancewa mai mataki biyu ba ta da amfani. Dubi abin da aka tilasta wa masu kutsen yi kafin su tsallake ta: sai da suka mallaki sabar imel gaba ɗaya, suka nemo mabuɗin, suka gane yadda ake lissafa kukin, kuma duk da haka sai da kalmar sirri. Ɗan damfarar da ya sayi jerin kalmomin sirri a kasuwar bayan fage ba zai kai nan ba.

Abin da ya gaza shi ne tunanin da ake yi wa tsaftacewa. An saba a ce a goge miyagun manhajoji, a toshe ramin da aka shigo, a canza kalmomin sirri. Duk waɗannan suna cire abin da ɓarawo ya bari a gida. Mabuɗin hatimi kuwa abin da ya tafi da shi ne, kuma kwafinsa ya ɗauka, na asali yana nan inda yake, babu alamar an taɓa shi. Muddin sabar tana aiki da tsohon mabuɗin, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Wannan ne ya fi damuna a cikin labarin, domin kalmar sirri kowa na tunawa da ita, mutane ne ke rubuta ta kullum. Mabuɗi irin akey sau ɗaya ake saka shi ranar girkawa, wanda ya saka shi ma wataƙila ya bar aikin, kuma ba ya cikin jerin abin da ake dubawa in hankali ya tashi.

Tsarin littafin rajista da ya fi tsarin hatimi juriya a nan, amma kada a wuce gona da iri wajen yabonsa. Mai ikon gudanarwa a kan saba zai iya kaiwa ga littafin ya rubuta wa kansa layi. Bambancin yana zuwa bayan an kore shi: a share littafin, duk abin da ya rubuta ya mutu, kuma ba zai iya ƙara sabo daga waje ba. Mai mabuɗin hatimi kuwa yana zaune a ƙasarsa yana buga sabbin takardu, da sunan kowa, da kowace rana. Mai gina manhajar da ya zaɓi hatimi saboda sauri, ya kamata tun farko ya tanadi hanyar canza mabuɗin ba tare da rushe komai ba, ya kuma ɗaure kukin da wani abu na asusun da ke canzawa idan an canza kalmar sirri ko an sake saita waya, don tsofaffin kukis su faɗi da kansu.

Alamomin da ake sa wa kuki ma sai a san iyakarsu. Secure na hana a aika shi ta hanyar da ba a ɓoye ba. HttpOnly na hana rubutun da ke gudana a shafi ya karanta shi. SameSite na rage yadda wani shafi zai sa burauza ta aika shi. Dukkansu maganin sata ne da yaudarar burauza, kuma satar kuki babbar kasuwa ce: a Afrilu 2023 hukumar FBI da takwarorinta suka rufe Genesis Market, inda ake sayar da kukis da bayanan burauzar mutane, a Oktoba 2024 kuma ofishin FBI na Atlanta ya yi gargaɗi a kan satar kukis na tuna na'ura don tsallake mataki na biyu. Amma babu ɗaya cikin alamomin nan da zai hana abin da ya faru a cibiyar, tunda ba a taɓa burauzar ma'aikacin ba.

Abin da ya yi aiki ba sabuwar manhaja ba ce. Wani ne ya ajiye rajista biyu kusa da juna ya lura cewa akwai layi a ta Exchange da ba shi da abokin tafiya a ta Duo. Wannan dubawa kowane ofis mai mataki na biyu zai iya mayar da ita aikin kullum na na'ura: duk shigar da aka tsallake waya saboda kuki, a nemo ranar da aka ba da wannan kukin bayan tantancewa ta gaskiya, in ba a samu ba a tayar da ƙararrawa. Sai kuma hoton ƙwaƙwalwar saba. Da an yi gaggawar kashe ta a kunna, ko a goge a sake girkawa kamar yadda ake yi cikin firgici, da shaidar duo-sid ta tafi, a bar mutane suna zargin ma'aikacin da bai danna komai ba.

Canza mabuɗin kansa ba aiki ne mai tsawo ba. A samar da sabo, a saka a kowace sabar da ke amfani da shi, a sake kunna manhajar. Daga wannan lokacin duk kukin da aka buga da tsohon ya zama rubutun banza, na ma'aikata da na masu kutse baki ɗaya. Kuɗin da ake biya shi ne washegari da safe kowa a ofis, daga shugaba har sabon ɗauka, sai ya ciro wayarsa ya danna amincewa sau ɗaya kafin ya ga wasiƙunsa.